Sharar Maƙera Ba Ta Zuwa Juji

Maƙerin zinari ba ya yarda yaronsa ya share rumfa ya kai juji. In an tashi aiki da la'asar, akan tattara ƙurar ƙasa da tokar murhu da tsumman da aka goge magagari da shi, a zuba a wani tsohon kwano, a tura ƙarƙashin benci. Ran da kwanon ya cika sai a ƙone abin da ke ciki, a wanke, a narka, zinari ya fito ko da bai wuce ƙwayar gero ba. Kaskon narki ma in ya tsage ba a jefar da shi haka nan, dakawa ake yi a rairaye. Haka ake yi a Kano da Sakkwato da Bida, haka ake yi a Kontagora. Wannan tsantseni ne ya sa tarihin sana'ar yake da wuyar bi. Mai aikin zinari ba ya barin zinari a bayansa. Abin da ƙasa take riƙewa shi ne ɗan guntun kasko da ya kuɓuce masa, da toka, da gawayi.

Ƙira a wurinmu gida biyu ce. Maƙeran baƙi su ne masu ƙarfe, masu fartanya da garma da gatari da lauje da wuƙa da linzami. Maƙeran fari kuwa zinari da azurfa da tagulla da gaci suke taɓawa, su ne masu zobe da 'yan kunne da awarwaro da munduwa da adon kayan doki. A ƙasar Zugurma, cikin ƙaramar hukumar Mashegu ta masarautar Kontagora, tsakanin Mokwa da Kainji, maƙerin baƙi ne ido ya fi gani, domin ƙasa ce ta noma. Doya ake yi da dawa da masara da gyaɗa da shinkafa, kuma mai tara kunyar doya ba ya wasa da bakin garmarsa. Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, rumfar maƙeri takan cika tun da safe. Wannan ya kawo a sake masa baki, wancan ƙotarsa ta kwance, wani kuma sabuwa yake so dungum, Bakambare da Banufe da Bahaushe da Bafulatani duk a kan gungume guda suna jiran layi.

Kayan aikin ba su canza sosai ba. Ga uwar maƙera a kafe a ƙasa, ga masaba, ga awartaki, ga madoshi. Zugazugin fatar akuya ne ya ja baya a wurare da yawa, ƙafar keke mai juya fanka ta maye gurbinsa, amma har yanzu yaro ne ke zaune a kai, kuma daga nan kowane maƙeri ya fara. Gawayin ƙirya aka fi so saboda nauyinsa da daɗewar wutarsa. Ƙarfen kuwa yanzu na bola ne: sifirin na mota, tsohon faifan garmar tarakta, guntun rodi. Gwanin maƙeri yakan ƙwanƙwasa ƙarfe ya ji amonsa, ya san ko zai yi wuƙa ko sai dai ƙusa. In ya gama daka bakin gatari, launin ƙarfen yake kallo kafin ya tsoma shi a ruwa ko a baƙin mai. In ya yi garaje bakin ya yi gautsi ya ɓalle a itace na farko, in ya makara ya yi taushi ya lanƙwashe. Babu ma'aunin zafi a rumfar, ido ne kawai, kuma shekaru ake yi kafin idon ya nuna.

Kakanninsu ba su da bola. Daga dutse suke fitar da ƙarfensu. A haƙo tama, a farfasa, a gina tanderun yumɓu, a jera masa bututan yumɓu ta ƙasa don iska ta shiga, a riƙa zuba gawayi da tama bi da bi har zafi ya kai wajen digiri 1,200. Ƙarfe ba ya narkewa a wannan zafi, dattin dutsen ne yake narkewa ya gangara, ƙarfen ya dunƙule a bar shi a ciki, sannan a fito da shi a yi ta daka har ya haɗe. Dattin nan da ya daskare shi ne kashin tama, baƙi mai nauyi mai ƙofofi, wanda manomi yake tuntuɓe da shi a gona ya jefar gefe. Layin dogo ya iso Jebba a 1909, ƙarfen Turai da tarkacensa suka biyo baya da araha, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo dafa tama ya mutu a yawancin Arewa. Ƙira ta rayu, amma rabin iliminta ya tafi tare da tsofaffin da suka san wane dutse ne tama, wane ne ba ita ba.

Maƙerin fari ba ya cika kasuwa da amo. Teburinsa ƙarami ne, sau da yawa a lungu, kusa da masu sayar da gwal. Mace takan zo da ɗan kunne guda a ƙulle a bakin gyale, ɗan'uwansa ya ɓace tun bikin wata ƙanwa.

"Baba, a duba mini ko na gaske ne."

"Kawo mu gani, Hajiya."

Zai goga shi a kan wani baƙin dutse mai santsi har ya bar zane, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen. In tagulla ce aka shafe da ruwan gwal, zanen zai ɓace nan take. In ya tsaya yana ƙyalli, sai a koma maganar daraja: karat 18 ne, wato kashi 75 cikin ɗari zinari, ko 21, ko 22. Masu lamba a jiki sukan nuna 750 ko 875 ko 916, amma maƙeri ya fi yarda da dutsensa, don lamba kowa na iya bugawa. Daga nan sai sikeli, kuma a gaban mai kaya ake awo. Za a sake aunawa in an gama aiki, a faɗa mata abin da wuta da magagari suka ci. Duk sana'ar a kan wannan awo biyu take tsaye. Maƙerin da aka taɓa kamawa da ƙwange ya gama aiki a garin, ko da kuwa hannunsa ya fi na kowa.

In zobe take so a mayar mata da shi, zai sa ɗan kunnen a ƙaramin kasko, ya barbaɗa farin garin boras don datti ya taso, ya sakar masa wuta. Tsantsar zinari yana narkewa a digiri 1,064. Kafin nan zai yi ja, gefensa ya fara zubewa, sai kawai ya tattare ya zama dunƙule guda yana rawa a tsakiyar kaskon. A juye shi a wani ɗan kwari da aka shafa wa mai, ya fito siririn sanda. A daka, a mayar wuta ya yi laushi, a sake dakawa. In waya ake so, akwai farantin ƙarfe mai jerin huji daga babba zuwa ƙarami. A fiƙe bakin sandar, a zura, a kama da awartaki a ja, a koma huji na gaba, har ta yi sirantar zare. Da irin wannan waya ake murɗa adon da ke kan 'yan kunnen tsofaffinmu. Haɗin shi ne wurin da ake gane gwani: ɗan abin liƙin dole ya narke kafin jikin aikin ya narke, kuma tazarar da ke tsakani kaɗan ce. A ƙarshe a tsoma a ruwan tsami, a goge, a miƙa.

Azurfa ta fi zinari yawa a hannun maƙeranmu na da, tunda namiji Musulmi ba ya sa zinari amma yana sa zoben azurfa, kuma liyari, kuɗin azurfar nan mai hoton Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, ya shigo ƙasar Hausa da yawa, wasu aka rataya a wuya, wasu aka narke. Duk da haka zinari ne ma'auni. Miskali, nauyin dinari guda, giram 4.25 ne. Miskali 20 ne nisabin zakka, rubu'in dinari kuma shi ne mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya. Ke nan ko talakan da bai taɓa riƙe zinari ba, farashinsa yana shiga ɗaurin aurensa.

Wannan aiki da na bayyana, da kasko da dutse da waya, an same shi kusan yadda yake a ƙarƙashin wani titi a Ingila. Tsakanin 1976 da 1981 masu tonon tarihi sun yi haƙa a Coppergate, a tsakiyar birnin York, kafin a gina rukunin kantuna a wurin. Birnin ya faɗa hannun Baikin a 866, wato mayaƙan teku kuma fataken nan da suka fito daga ƙasashen da yanzu ake kira Denmak da Norwe da Suwidin. Ƙasar wurin mai laima ce, ta adana katako da fata da tufa. Aka tarar da filaye huɗu a jere, gida a gaba, wurin sana'a a baya, na ƙarni na 10. Kayan zinari ƙalilan ne suka fito. Abin da ya fito da yawa shi ne fasassun kasake, da mazuban dutse na zuba sanda, da kashin ƙarfe. Da aka sa gutsattsarin a na'ura sai ga burbushin zinari da azurfa da gaci da dalma manne a jikinsu, har da tukwanen da ake raba zinari da azurfa a cikinsu ta hanyar gasa su da gishiri. An sami hatiman ƙarfe na buga kuɗi, an kuma sami jabun dirhami da aka kwaikwayi na Samarƙand. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa azurfar Baikin da yawa daga ƙasashen Musulmi ta fito: a tsibirin Gotland na Suwidin, a 1999, an tono taskar Spillings mai nauyin kilo 67, da tsabar kuɗi wajen 14,000, galibinsu dirhamai masu rubutun Larabci. A York an gina gidan tarihi na Jorvik a daidai ramin, aka buɗe shi a 1984, mutane suna biyan kuɗi su shiga su ga yadda maƙeri yake zaune shekara dubu da ta wuce.

A daidai zamanin da maƙeran York suke wannan aiki, wasu suna yin wanda ya fi shi a bakin Sahara. Tadmakka, wadda yanzu ake kira Essouk a yankin Kidal na Mali, zango ce ta ayarin raƙuma. Al-Bakri, malamin Andalus, ya rubuta a 1068 cewa mutanenta suna da dinarai na tsantsar zinari waɗanda ba a buga musu hatimi ba. An daɗe ana ɗaukar maganar a matsayin labarin matafiya. A 2005 Sam Nixon da abokan aikinsa na Mali suka yi haƙa a kufan garin, suka sami gutsattsarin yumɓu masu jerin ƙananan ramuka, na ƙarni na 9 zuwa na 10. A cikin ramukan akwai ɗigon zinari da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Mazuban dinaran nan ne. Aka kuma sami kasake da suka nuna dabarar tacewa: a haɗa garin zinari da dakakken gilashi a narka, yashi da sauran datti su narke su shige cikin gilashin, zinari ya ware shi kaɗai. Masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun gwada dabarar da hannunsu, ta kuwa yi. Ba zaiba, ba guba. Ina so a riƙe wannan, domin zan dawo kan abin da 'ya'yanmu suke tace zinari da shi yau.

Daga can zuwa ƙasar Hausa hanya ce sananniya. A Marandet, kudu da Agadas, an tarar da ƙananan kasaken narka gaci dubun dubata jibge a wuri guda. Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353, ya ga ana zuba gaci sanda-sanda, masu kauri 400 a bakin miskalin zinari guda, sirara 600 zuwa 700, ana cefane da su, ana kuma kai su Gobir da Barno. A Kano, gawayin wani tanderun tama a gindin Dala ya ba da ƙarni na 7, abin da ya yi daidai da labarin baka na Abagayawa, maƙeran da aka ce sun zo daga Gaya neman tama. A Taruga, kusa da Abuja, tanderun da Bernard Fagg ya tono sun haura shekara 2,200. Zinari kansa kuwa ya fito a Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani ta Katsina. Wani Baturen mulki, Palmer, ya fara buɗe kusheyin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake tono uku, daga baya aka ɗauke su da ƙasarsu zuwa Mainz ta Jamus, aka tsefe su sannu a hankali. A ɗaya daga ciki aka sami 'yan kunne da zobe da abin wuya na zinari, aikin waya mai kyan gaske, aka kuma sami kwanon tagulla irin aikin Masar ko Sham, da wuri da duwatsun ado. Kusheyin na tsakanin ƙarni na 13 ne da na 16. An nuna kayan a Mainz a 2011, aka nuna wasunsu a Amurka a 2019. Duk wanda ya ga hoton 'yan kunnen nan, ya kuma taɓa tsayawa a kan maƙerin fari yana murɗa waya, zai gane hannun.

Zugurma ba a bayan gari take ba a wannan tarihi. Tana bakin ƙasar Nufe, kuma a rikicin sarautar Nufe na farkon ƙarni na 19 nan ne gidan Etsu Majiya ya kafu, kafin Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa Kontagora wajen 1864. Nufawa kuwa maƙera ne na asali. Labarin Tsoede, wanda ake cewa shi ya kafa sarautar Nufe, ya ce da ya taso daga Idah ya zo da maƙera da kayan tagulla. A Tada, ƙauyen bakin Kwara ƙasa da Jebba, an ajiye wani mutum-mutumi na zaune, na kusan tsantsar gaci, aikin ƙarni na 13 zuwa na 14, wanda masana suke dangantawa da Ife. Mutanen garin sun daɗe suna kai shi kogi ran Juma'a suna cuɗa shi da yashi, har jikinsa ya sulɓe. A Bida har gobe maƙeran Tswata Mukun suna buga tagulla, masu gilashin Masaga suna narka kwalba, kuma a 2021 UNESCO ta sa garin cikin jerin biranen sana'ar hannu na duniya. Garin da ya zama mazaunin sarauta a irin wannan ƙasa, mai dawaki da mayaƙa da matan fada, ba ya zama babu maƙeran baƙi da na fari.

Haƙa mafi girma da aka yi a yankin, ruwa ne ya tilasta shi. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, tafkin ya haɗiye tsohuwar Busa da garuruwa da yawa, aka tashi mutum sama da 40,000. Kafin ruwan ya taso, masu tonon tarihi sun yi aikin ceto a bakin kogin. David Breternitz na Jami'ar Colorado ya tona tudun Baha a 1968. Wani tudu kusa da Yelwa ya ba da mutum-mutumin yumɓu da kayan ƙarfe, na tsakanin ƙarni na 2 da na 7. Aiki ne na gaggawa, ana yi ana kallon ruwa, kuma abin da ba a kai gare shi ba yanzu yana ƙarƙashin tafki. A gabashin tafkin kuma ga dajin Zugurma, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,370, wanda aka haɗa da na Borgu a 1979 ya zama gandun dajin ƙasa na farko a Najeriya. An keɓe shi ne don namun daji, amma dokar da ta hana garma da tarakta shiga ta kare duk wani kufai da tulin kashin tama da ke ciki. A ganina wannan dukiya ce ta biyu da gandun yake riƙe da ita, kuma sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa sun cancanci a ba su kuɗi da tsaro su shiga su duba. Ba zinari za su nema ba. Gawayin da ke gindin tanderu, in ba a motsa shi ba, shi ke faɗin shekara. In an riga an birkita wurin, ya zama baƙar ƙasa kawai.

Birkitawar kuwa ana yin ta kullum, don ƙasar nan tana da zinari. Duwatsun da ke ɗauke da shi sun ratsa daga Anka da Maru zuwa Birnin Gwari da Minna da Bin Yawuri. Turawa sun fara fitar da shi a hukumance a 1913, abin ya kai ƙololuwa a shekarun 1930, Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da shi. Yanzu samari ne suka gaji ramukan. A sauka da igiya da tocila a goshi, a fito da farin dutse a buhu, a farfasa da guduma, a kai injin niƙa, a wanke garin a kan kafet, a rairaye a kwano, a zuba zaiba ta kama zinarin, a matse a tsumma, a ƙone dunƙulen a kan cokali ko gwangwani, zaibar ta tashi hayaƙi, zinari ya rage. Dillali yana gefe da ɗan sikelinsa.

Abin da wannan hanya ta jawo ba ɓoyayye ba ne. Dutsen wasu wuraren yana haɗe da dalma. A 2010 ƙurarsa ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda a tsakar gida ake niƙa shi, inda ake shanya hatsi, inda yara suke rarrafe. A 2015 abin ya maimaitu a nan jihar Neja, a Shikira da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙaramar hukumar Rafi, yara 28 suka rasu, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo, aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A watan Yunin 2024 rami ya rufta da masu haƙa a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro. Hayaƙin zaiba kuwa ba ya kashewa nan take. Jijiya yake ci a hankali, hannu ya fara rawa, mantuwa ta shigo, sauran kuma ya bi ruwa ya shiga kifi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayan duk wannan wahala, zinarin ba ya ko bi ta rumfar maƙeri. Daga hannun dillali yake wucewa ɗanye, yawancinsa ta bayan fage, ya ƙare a Dubai. Can inji ya buga shi sarƙa da awarwaro, 'yan kasuwarmu su sayo su dawo da shi, a sa a lefe ana cewa ɗan Dubai ne ko ɗan Saudiyya. Maƙerin fari na gida an bar shi da gyaran maƙulli, da rage zobe, da narka tsohon kaya. Ba na ganin laifin amarya. Aikin inji ya fi sauƙin nauyi, ya fi ƙyalli, ya fi saurin sayuwa in an shiga matsi. Amma ɗan maƙerin da ya ga ubansa yana yini a kan aikin da bai kai kuɗin cefane ba, ya ga sa'ansa ya dawo daga rami da sabon babur, ba sai an faɗa masa inda zai nufa ba. Gidajen da suka gaji dundufa da wasan wuta, waɗanda Sarkin Maƙera yake fitowa daga cikinsu, 'ya'yansu da yawa yanzu walda suke yi ko zubin tukwanen alminiyam. Waɗannan ma ƙira ce, ban raina su ba, sai dai jan waya da haɗin zinari ba a koyonsu da girma. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin sayen zinarin ƙananan masu haƙa, har aka miƙa wa Shugaba Buhari sandar zinari mai kilo 12.5 a 2020 don ajiyar Babban Banki. Ajiya tana da kyau. Da za a ware wani kaso na tataccen zinarin a sayar wa maƙeran gida a kan farashin hukuma, da hatimin da mai saye zai yarda da shi, da rumfunan nan sun sami abin yi.

Akwai kuma aikin da maƙeri zai iya yi wa masu haƙa tun yau, ba sai an jira Abuja ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2018, kuma abu na farko da masana suke ba da shawara a kai shi ne a daina ƙona dunƙulen a fili. Tukunyar da ke kama hayaƙin ba ta fi ƙarfin kowane maƙeri ko mai walda a Zugurma ko Ibbi ko Kontagora ba. Da kayan famfo ake haɗa ta: ɗan murfin ƙarfe mai zare inda ake sa dunƙulen, gwiwar bututu a samansa, sai dogon bututu da ya gangaro ya ƙare a kwanon ruwa. In bututun mai farin shafi ne, a fara ƙone shi a fili shafin ya fita. A sa dunƙule a ɗaure, a hura wuta a ƙarƙashin murfin. Zaiba tana tafasa a digiri 357, nesa da inda zinari yake narkewa, don haka ita kaɗai za ta tashi, ta bi bututu, ta huce, ta ɗiga cikin ruwa. A cire bakin bututun daga ruwa kafin a janye wuta, don kada ya zuƙo ruwan ya koma ciki, a kuma bar tukunyar ta huce sarai kafin a kwance. Mafi yawan zaibar tana dawowa a sake aiki da ita, kuma tunda da tsada ake sayenta, kuɗin tukunyar yana fita cikin 'yan ƙone-ƙone kaɗan. Niƙan dutse kuma a yi shi da ruwa, a wajen gari, mai aikin ya yi wanka ya canza tufafi a can kafin ya shigo gida ya ɗauki yaro.